Ka Sayi Mota Ta Hannu, Inji Ya Fara Ƙwanƙwasa? Ga Yadda Muka Yi Da Tamu Kantar A Kwatarkwashi

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, kuma rabinsa ƙarfe ne da baƙin mai, amma ku daure ku karanta, waya na ciki.

Duk wanda ya saba bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa ya san Kanta. Ita ce Mitsubishi Canter, wadda aka fara ƙerawa a Japan tun 1963. Da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a nan wajenmu tsofaffi ne masu injin gas mai silinda 4, irin su 4D32 da 4D33. Da kaka ta kama, su ke kwasar masara da dawa da waken suya daga ƙauyuka su kai kasuwa. Ba mu da mai sayen sabuwa. Ko dai ka sayi Beljiyam, wato wadda aka yi amfani da ita a waje aka shigo da ita, ko ka sayi ta hannu, wadda ta sha hanyar Najeriya, ta bi hannun mutum uku ko huɗu kafin ta iso gare ka. Ta hannun ta fi araha nesa, kuma irinta muka haɗa kuɗi ni da yayana muka saya a Gusau ana gobe-gobe kaka.

Mun je da bakanike, kuma mun ce sai da safe za mu gan ta, tun ba a tayar da ita ba, don inji mai sanyi ya fi faɗin gaskiya. Ni kuma ɗabi'ata ce, komai sai na ɗauka a waya. Na fara bidiyo daga lambar mota, na zagaya na haska lambar shasi da lambar inji, na shiga ciki na ɗauki dashbod lokacin da aka murɗa makulli. Fitilar baƙin mai ta kama, ta caji ta kama, aka yi kik ɗaya ta tashi, fitilun suka mutu. Hayaƙi kaɗan, lagireto ba ya kumfa. Bakanike ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ya ɗora shi a bakin ramin ba tare da ya ɗaure ba, ya ga bai yi tsalle ba, wanda ke nuna ringi ba su gama lalacewa ba. Aka zagaya da ita cikin gari. Ba kaya a bayanta, kuma ba a yi nisan da inji zai gasu sosai ba, kamar dai yadda ake gwada kowace mota a wurin ciniki. Muka biya ta banki, dillali ya karɓi la'adarsa.

Kwana 3 da sayenta muka kai ta juye, tunda ba wanda ya san tun yaushe man da ke ciki yake. Da aka kwance, sai ga shi yana saukowa a hankali kamar zuma, yana zare. Bakanikenmu ya shafa a yatsa, ya shinshina, ya ce, "Wanga ba man inji ba na zalla, an gauraya shi da na giya." Na ɗauki bidiyon yadda yake zuba, na kuma sa aka cika mini gorar ruwa ɗaya da shi, na rubuta kwanan wata a jiki. Aka zuba 15W-40 na injin gas, aka sa sabuwar filta, na ɗauki hoton galan da rasit.

A rana ta 9 direba ya kira ni bayan la'asar. Ya ɗauko masara daga Tsafe, yana kan hanyar dawowa Kwatarkwashi. Ya ce, "Malam, ina jin wani ƙara daga ƙasan inji, in na saki totur ya fi fitowa. Amma fitilar mai ba ta kama ba." Na ce ya kara wayar kusa da inji. Ko ta waya ana jinsa, kwas-kwas-kwas mai nauyi, yana bin gudun inji.

Mutanen da ba su san yankinmu ba za su ce ai sai ya faka ya jira. To, wanda ya san halin da hanyar Tsafe da Yankara ta shiga a shekarun nan ya san ba a son rana ta faɗi mota na tsaye a gefen titi, da kaya, da direba, da yaron mota. Direban so yake ya lallaɓo a hankali, kuma ban ga laifinsa ba. Yaya ya ce ya matsa zuwa wurin da ke da jama'a mafi kusa ya kashe ta, kada ya sake tayarwa. Muka nemi wata Kanta aka juye buhunan, aka ɗaure tamu da ƙarfe aka jawo ta gida kafin isha'i. Kuɗin jan ya yi zafi. Amma in mital ya gama narkewa, sandar fistin na iya tsinkewa ta fasa bulok, daga nan kuma maganar gyara ta ƙare, sai dai a nemi wani injin.

Bari in ɗan yi bayanin abin da ke ƙaran, don shi ne ginshiƙin rigimar. A cikin inji akwai karanshaf, babban ƙarfen da fistin ke juyawa. Ba ya goga ƙarfe da ƙarfe, yana kwance ne a kan wasu siraran faranti masu lanƙwasa da bakanikai ke ce wa mital, kuma tsakaninsu akwai baƙin mai da famfo ke turawa da ƙarfi. Tazarar da ke tsakani ba ta kai kaurin gashin kai ba. In mital ya cinye, tazarar ta buɗe, mai ya riƙa tserewa ta gefe, ƙarfin turinsa ya faɗi, musamman in inji ya yi zafi mai ya tsinke. Sai sandar fistin ta fara dukan karanshaf a kowane juyi. Mai kauri yana cike wannan giɓi na ɗan lokaci, ya danne ƙaran. Ba ya gyara komai, amma yana isa a yi ciniki a rabu.

Washegari da sassafe bakanike ya iso da kayan aikinsa yana cewa a sauke inji. Yaya ya ce a dakata tukuna, kuma a ganina duk abin da muka samu daga baya daga wannan dakatawar ya fito. Da zarar ka buɗe inji kai kaɗai da bakanikenka, ka ba mai sayarwa amsa a hannu. Zai ce ku kuka taɓa, ko kun canja kaya, ko direbanku ya tuƙa ta babu mai. Ba ka da yadda za ka mayar da inji yadda yake ka nuna wa wani.

Abin da aka yi a ranar gwaji ne kawai wanda ba ya canja komai. Aka cire oyil-suwic, ɗan abin da ke kunna fitilar mai in ƙarfin turi ya faɗi, aka ɗaura geji mai allura a gurbinsa. Da sanyi allurar ta tashi. Da inji ya fara ɗumi tana silo, sai ta yi ta sauka har ta kusa kwanciya, muka kashe. To me ya hana fitila kamawa? Muka kira mai gyaran wayarin, wanda ake ce wa riwaya. Ya bi wayar oyil-suwic da hannu, sai ga ta a yanke, an naɗe bakinta da salatif an cusa bayan wasu wayoyi. Ya buɗe bayan dashbod ya tarar an jona fitilar mai da wayar fitilar caji. Ma'ana in ka murɗa makulli su kama tare, in inji ya tashi altaneta ta fara caji su mutu tare, ko da babu ɗigon mai a cikin injin. Wannan ba tsufa ba ne kuma ba tsautsayi ba ne, mutum ne ya zauna ya yi shi da hannunsa.

Yanzu ga ɓangaren waya, kuma a nan nake so ku natsu.

In za ka ɗauki bidiyon shaida, ka ɗauke shi a jere ba yankewa. Fara da lambar mota da lambar shasi, ka faɗi rana da wata da wurin da bakinka, ka nuna fuskokin waɗanda ke wurin in sun yarda, sannan ka je kan abin da ya lalace. Bidiyon da ya fara daga kan yankakkiyar waya kai tsaye, kowa na iya cewa ta wata motar ce. Kada ka shiga da shi manhajar gyaran bidiyo, ko don ka rage tsawonsa. Kuma in za ka tura wa wani ta WhatsApp, kada ka tura shi yadda aka saba, domin WhatsApp na matse shi, hoto ya dushe, bayanan da ke cikin fayil ɗin na ranar ɗauka su ɓace. Ka taɓa alamar maƙala fayil, ka zaɓi "Document", ka ɗauko shi daga nan, zai tafi yadda yake. A daren ka ɗora kwafi a Google Drive, don waya na faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.

Sai hirarku da dillali. A wajenmu yawancin ciniki da saƙon murya ake yinsa, kuma mutane na faɗin abin da ba za su yarda su rubuta ba. Ina da saƙon da dillalin ya ce, "Inji ba a taɓa buɗe shi ba, ka saya da ido rufe." Kafin ka kira shi ka ce akwai matsala, ka shiga hirar, ka taɓa ɗigo uku na sama, ka shiga "More", ka zaɓi "Export chat" tare da fayilolin, ka tura wa imel ɗinka. Dalili shi ne mutum na iya goge saƙon da ya turo daga wayarka matuƙar bai wuce kamar kwana 2 ba, kuma in an kunna saƙonni masu ɓacewa, da kansu za su tafi. Rasit ɗin banki ma ka sauke shi ka ajiye. Nan gaba in za ka biya kuɗin mota, ka rubuta lambarta a gurbin bayanin tura kuɗi.

Na san wasu za su ce ai akwai ɗan na'urar nan ta ELM327 da ake soka wa mota a haɗa da waya ta Bluetooth, a buɗe Torque ko Car Scanner a ga ciwon inji. Akwai, kuma tana da amfani ga mai Hilux ta zamani ko ƙaramar mota. Tsarin OBD2 ya zama dole a motocin Amurka tun 1996, Turai ta biyo baya. Abin da ma ya fi lambobin matsala amfani ga mai saye shi ne shafin da ke nuna ko kwamfutar motar ta kammala gwaje-gwajenta. In ka ga babu lambar matsala ko ɗaya amma yawancin gwaje-gwajen na nuna ba su kammala ba, to kwanan nan aka goge ko aka cire batir, sai ka tambayi dalili. Amma tsohuwar Kanta mai famfon gas na ƙarfe ba ta da kwamfutar da za ka yi magana da ita. Sannan a kula: Kanta da manyan motoci da yawa batir biyu gare su, lantarkinsu bolt 24 ne, ita kuwa ELM327 ta kasuwa don bolt 12 aka yi ta. Ko ka samu soket ɗin da ta shiga, tana iya ƙonewa. Ko a motar da take aiki ma, ba za ta gaya maka mital ya cinye ba. Wannan aikin geji ne da kunnen bakanike.

Da muka gama tattara komai, sai Yaya ya kira dillali. Bai yi faɗa ba. Ya ce mota na nan a tsaye, ba mu taɓa injin ba, muna so shi da mai motar su zo da nasu bakanike a buɗe a gabansu. Sai da aka yi kwana 4 ana sa rana ana ɗagawa. Kwana 4 a tsakiyar kaka, mota na tsaye kana kallon na wasu na wucewa da kaya, ba ƙaramin abu ba ne. Akwai masu ce mana a mayar da mai kauri a ci gaba da aiki, in kaka ta wuce a yi rigimar. Wasu ma cewa suka yi a gyara ƙaran a sayar wa wani yadda aka sayar mana. Wannan ta biyun ko amsa Yaya bai ba ta ba.

Ta farkon kuwa, wani malaminmu na zaure ne ya rufe ƙofarta. Ya ce a fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a Risala kuma kotunan shari'a na Zamfara ke aiki da shi, wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi da ba a nuna masa ba yana da zaɓi, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa, ko ya riƙe. Amma in ya ga aibin ya ci gaba da amfani da abin, ana iya ɗaukar hakan a matsayin ya yarda. Ya ƙara mana da abu biyu. Na ɗaya, ko mai sayarwa bai san da aibin ba, haƙƙin mayarwa bai faɗi ba. Na biyu, cewar "na sayar yadda take" ba ta wanke wanda ya san aibi ya ɓoye. Ya ce in abin ya kai kotu alƙali ne zai duba, amma mu bar motar a tsaye.

Ba mu kai maganar wurin 'yan sanda ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin ciniki kawai, kuma a ganina in aka fara da kulle mutum, zuciya ta ɓaci, sulhun da za a yi a mako ɗaya sai ya koma wata shida. Haka ban ɗora hoton kowa a Facebook ba, ko da yake yatsana ya yi ƙaiƙayi. In ka kira mutum ɓarawo a bainar jama'a kafin a tabbatar, kai da aka cuta kana iya komawa wanda ake ƙara.

Ranar da suka zo, an zauna da dattijon da masu sayar da motoci ke jin maganarsa. Mai motar ya fara da abin da muka zata, wai man da muka zuba ne ya yi ruwa da yawa. Na ajiye gorar tsohon man a gabansu, na kunna bidiyon juye. Aka sauke botom-filet a gaban kowa, ina ɗauka. Ƙasansa na ƙyalli da garin ƙarfe. Aka yanka sabuwar filtar da ba ta yi mako ba, cikinta ɓurɓushi mai launin jan ƙarfe, alamar mital ya cinye har ya kai shimfiɗarsa ta ciki. Da aka zaro mital ɗin aka juya bayansa, sai ga 0.75 a buge. Karanshaf sabo ana sa masa mital mai alamar STD. In ya goge a kai shi a yanka kaɗan a sa mai 0.25, in an sake a sa 0.50, sannan 0.75. Injin da aka ce ba a taɓa buɗewa ba, ashe an yanka karanshaf ɗinsa har ya kusa ƙarewa. Na kunna saƙon muryar dillali. Bakaniken da suka zo da shi ya dubi wayar da aka yanke, ya ce, "Alhaji, wanga kam ba a musu nai."

Mai motar ya rantse shi ma haka ya saye ta daga hannun wani, wata 5 kawai ta yi a wurinsa. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, ni ban shiga zuciyarsa ba. Dattijon ya ce wannan tsakaninsa ne da wanda ya sayar masa. Sai dai kuɗinmu ya riga ya shiga wata motar, in muka ce sai an mayar, biya zai zama kaɗan-kaɗan har bayan kaka. Bodin Kantar da giyarta da shasinta kuwa lafiyayyu ne. Muka zaɓi riƙewa a rage mana. Aka yi sulhu a kan shi zai sayi karanshaf da mital da famfon mai, dillali ya mayar da la'adarsa, mu mu ɗauki kuɗin aiki da na ja. An rubuta a takarda da lambar mota da ranar biya, shaidu suka sa hannu, na ɗauki hotonta na tura wa kowa a wurin. Ba mu fita ba asara ba. Kwana 16 mota ba ta yi aiki ba, kuma wannan ba wanda ya biya mu.

Wajen gyara, an ba mu shawara uku: a sake yanka tsohon karanshaf, a sa wani na Beljiyam, ko a sayi inji sukutum. Na farko bai yiwu ba, ba sauran abin yanka. Inji sukutum ya fi ƙarfinmu, kuma shi ma a rufe za ka saye shi. Bakanike ya tafi Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, ya kira ni ta bidiyo yana auna karanshaf ɗin da ma'auni a gabana kafin a biya, muka samu wanda ba a taɓa yankawa ba. Wanda ya fi kusa da Kaduna yana iya duba Panteka. In kuwa ka canja inji gaba ɗaya, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar sabon injin, ka je a gyara takardun mota, don lambar da ke takarda ta tsohon ce, kuma ranar da aka tsayar da kai a hanya ba za a saurari labari ba.

Abu ɗaya da na tsaya a kansa har bakanike ya fara jin haushina shi ne wanke hanyoyin mai. Garin ƙarfen nan ba a botom-filet kaɗai yake ba, ya shiga kular mai da duk ƙananan ramukan da ke cikin bulok da karanshaf. In aka sa sabon mital ba a wanke su an busa da iska ba, shi zai dawo ya cinye sabon. Mun kuma tarar an cire tamostat, kamar yadda aka saba yi a ƙasar nan wai don kada mota ta yi zafi. Muka sa aka mayar. Aikinsa ya riƙe ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 80, kuma cire shi kan ɓoye matsalar lagireto ne kawai.

Riwaya ya mayar da fitilar mai kan oyil-suwic ɗinta, muka kuma ƙara geji mai allura a gefen sitiyari, inda direba zai riƙa gani. Ga mai shirin sayen irin wannan mota, gwajin fitilar ba ya cin minti 2: a murɗa makulli ba tare da an tayar ba, fitilar mai ta kama, sai a zare wayar da ke kan oyil-suwic. A irin waɗannan injina, in wayarin na gaskiya ne fitilar za ta mutu nan take. In ta ci gaba da ci, daga wani wurin take samun wuta.

Makon farko bayan gyara rabin lodi muka riƙa yi mata, tsakanin Kwatarkwashi da Gusau kawai, aka sake juye da wuri aka yanka filtar aka duba. Ta fito da tsabta. Yanzu kowace safiya kafin ya tashi, direba na turo mini hoton geji, sannan ya sake turo wani in ya isa inda za shi inji na da zafi, tana silo. Na biyun nake fara buɗewa.